Doka a Yamai, hauya a Mayahi: wa albashi mafi ƙanƙanta yake kai wa?

A watan Yuli, lokacin noman farko, kasuwar aiki mafi girma a gundumomin Tasawa da Mayahi ba ta da rumfa balle ofis. Da sassafe magidanci zai saɓa hauyarsa, ya wuce ta gefen gonarsa da haki ya fara shaƙewa, ya nufi gonar wani. A tsaye ake cinikin: nawa ne yini, da fura ko ba fura, kuɗi za a bayar ko tiyar gero. Da la'asar ya karɓi abin da aka yi da shi, a daka a gida, a kwana da shi a ciki, gobe kuma a sake. Shi ne ɗan ƙwadago a bakin mutanen Korgom da Urafan da Kanembakashe, kuma da sunan nan nasa ake kiran manyan ƙungiyoyin da ke zama da ministoci a Yamai, ƙungiyoyin ƙwadago. Sai dai tsakaninsa da teburin da suke zama akwai tafiya mai nisa, kuma nisan nan ne ya raba kan masu magana a kan dokar aiki a Nijar.

Dokar tana nan a rubuce. Ita ce mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, wadda ta maye gurbin ta 1996. Ta tsayar da awa 40 na aiki a mako, ta ba mace mai ciki hutun mako 14, ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba aiki, ta tabbatar da 'yancin kafa sandika, wato ƙungiyar ma'aikata, da na yajin aiki. A shekarar 2012 ɗin aka ɗaga albashi mafi ƙanƙanta, wanda ma'aikata ke kira SMIG, daga sefa 28,347 zuwa 30,047, wato jika 30 da 'yan kai, ya kuma zauna a nan fiye da shekara 10 bai motsa ba. A 2023 gwamnati da ƙungiyoyin ƙwadago suka tsayar da magana a kan kai shi sefa 42,000. Wasu na ganin irin wannan gyara, da ƙungiyoyin da ke matsa lamba a yi shi, su ne kaɗai katangar da mai ƙaramin ƙarfi zai jingina da ita. Wasu kuma na cewa katangar an gina ta ne a kewaye da 'yan tsiraru, talakan Tasawa da Mayahi yana waje, wani lokacin ma shi ke biyan kuɗin tubalin. Duka ɓangarorin biyu suna da hujjar da ba a ture ta da hannu ɗaya.

Masu goyon baya daga tarihi suke farawa, kuma suna da gaskiyar yin haka. Kakannin mutanen yankin nan sun san zamanin da ake kwasar ƙarti a kai su aikin hanya da ɗaukar kayan Nasara ba tare da an tambaye su ba. Doka ce ta kawo ƙarshen aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulki, ranar 11 ga Afrilu 1946, kuma sai da ma'aikatan Afirka ta Yamma suka yi ta yajin aiki kafin a samu dokar ƙwadago ta Disamba 1952. Djibo Bakary ta hanyar sandika ya yi suna kafin jam'iyyarsa ta Sawaba ta zama abin da ta zama. Bayan kisan ɗalibai a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990, yajin aikin gama-gari na babbar ƙungiyar ƙwadago ta USTN yana cikin abin da ya tilasta wa gwamnatin Ali Saibou karɓar jam'iyyu da yawa, har aka kai ga babban taron ƙasa na 1991. A ganinsu, duk wani haƙƙi da yau ake ɗauka kamar da ma can yana nan, wasu ne suka ajiye aiki, aka yanke musu albashi, kafin a rubuta shi. Wanda ya ce sandika ba ta tsinana wa talaka komai ba, in ji su, yana shan inuwa ne yana zagin wanda ya dasa itacen.

Sannan su nuna cewa ba gaskiya ba ne a ce dokar ba ta da mutane a Tasawa. Garin yana kan babbar hanyar Maradi zuwa Damagaram, akwai gidajen mai, akwai kantunan magani, akwai makarantun kuɗi, akwai kamfanonin motocin fasinja da ƙungiyoyin agaji masu direbobi da masu gadi da masu shara. Waɗannan su ne ainihin waɗanda aka yi SMIG domin su. Mai gadin da ke kwana a bakin ƙofa da tocila da sanda, idan aka kai albashinsa daga 30,047 zuwa 42,000, ya samu ƙarin sefa 11,953 a wata, kusan kashi 40 cikin 100. Ga mai kuɗi wannan ba komai ba ne, amma a gidan mai gadi shi ne bambancin yaron da aka kai likita da wanda aka jiƙa wa saiwa. Kuma kuɗin ba ya barin gari: mai koko ta samu, mai kabu-kabu ya samu, mai kilishi a bakin hanya ya samu. Malaman kwantaragi ma misali ne da masu goyon baya ke yawan kawowa. An fara ɗaukarsu ne a ƙarshen shekarun 1990 da sunan 'yan sa kai, a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, har suka zama su ne mafi yawan masu riƙe da alli a makarantun ƙauye. Ƙarin da suka samu daga baya, da shigar da wasunsu aikin gwamnati na dindindin, sai da ƙungiyoyin malamai na SNEN da SYNACEB da takwarorinsu suka yi ta ja-in-ja da gwamnatoci kafin a same su. A ƙauyuka da yawa na Mayahi, mushen lakwal shi ne mutum ɗaya tilo mai karɓar kuɗi a ƙarshen wata, kuma kowa ya san mutum nawa ke cin bashi a hannunsa.

Masu ja ba su musanta tarihin nan ba. Abin da suke cewa shi ne a ƙirga mutane. Ƙidayar 2012 ta nuna kowace ɗaya daga gundumomin biyu ta haura mutum dubu 500, kuma tun daga lokacin an ƙaru sosai. A faɗin Nijar, fiye da mutum 9 cikin 10 na masu aiki ba su da takardar ɗaukar aiki, ba su da lamba a asusun inshorar ma'aikata na CNSS, ba wanda ke ba su takardar albashi. A yankin da rayuwa ta dogara ga gero da wake da gyaɗa da kiwo, adadin ya fi haka tsanani. Ɗan dako a tasha, ɗan ga-ruwa, yarinya 'yar aikatau da aka kawo daga ƙauye, yaron tela, matar da ke sussuka ko surfe a biya ta da dusa da ɗan tsaba, duk waɗannan ba su taɓa jin ƙamshin SMIG ba, ko an ɗaga shi ko an bar shi. Idan aka yi shelar ƙarin albashi a rediyo, in ji masu ja, abin da ke iso musu shi ne ɗan kasuwa ya ji labarin shi ma, ya ƙara wa tiya kuɗi.

Hujjarsu ta biyu ta fi ta farko nauyi, domin ta shafi wanda zai biya. A littafin sandika akwai mai jari a gefe ɗaya, ma'aikaci a ɗaya gefen. A gonakin Gulbin Kaba mai ɗaukar ɗan ƙwadago sau da yawa manomi ne da ya sayar da akuya don ya samu a nome masa gona kafin ciyawa ta fi ƙarfinsa, ko tsohuwar da 'ya'yanta suka tafi bida, ko ƙaramin ma'aikacin da ke noma don albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata. Wanda ya ɗauki mutum yau, wataƙila baɗi shi za a ɗauka. A cikin gari ma lissafin bai da sauƙi. Mai ɗaukar aiki yana zuba wa CNSS kashi 16.4 cikin 100 a kan albashi, ma'aikaci kuma a cire masa kashi 5.25. Ke nan ma'aikaci ɗaya mai albashin 42,000 zai ci wa mai shago kusan sefa 48,900 kowane wata, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Mai injin niƙa a Maijirgi ko mai gidan burodi a Mayahi, idan aka tilasta masa wannan, hanya uku gare shi: ya sallami yaro ɗaya cikin biyu, ya ce duk 'ya'yan 'yan uwansa ne masu taya shi, ko ya rufe. Ta biyun ce ake bi, shi ya sa dokar ke ƙara tsauri a takarda, masu shiga ƙarƙashinta kuma ba su ƙaruwa.

Ga kuma nisa. Ofishin sufeton ƙwadago na jiha yana Maradi, kimanin kilomita 120 daga Tasawa. Doka ta ce shari'ar aiki kyauta ce, kuma ana fara neman sulhu a gaban sufeto, amma kuɗin mota zuwa da dawowa, da yinin da za a rasa, da rashin takardar da za a nuna, sun isa su sa wanda aka cinye wa albashin wata biyu ya ce ya bar wa Allah. Wakilan ma'aikata kuma sai a ma'aikatar da ke da mutum fiye da 10 doka ta wajabta zaɓensu, irin wannan ma'aikata kuwa a yankin ana iya ƙirga ta da yatsu.

Amsar masu goyon baya a nan ita ce masu ja sun ɗauki doka kamar sanda kawai, wadda ba ta aiki sai an ɗaga ta, alhali tana aiki kamar ma'auni. A Barazil masana tattalin arziki sun daɗe da lura cewa idan aka ɗaga albashi mafi ƙanƙanta, har ma'aikatan da ba su da rajista nasu kan motsa, domin adadin ya zama abin da kowa ke ambata a wurin ciniki. A Afirka ta Kudu an sa wa masu aikin gida albashi mafi ƙanƙanta a 2002, kuma binciken da aka yi bayan nan ya nuna albashinsu ya tashi sosai ba tare da an ga kora mai yawa ba, duk da cewa sufetoci ba su bi gida-gida ba. Tun 1994 David Card da Alan Krueger suka nuna, daga gidajen abinci na jihar New Jersey a Amurka, cewa ƙarin albashi ba lallai ya rage guraben aiki ba, kuma aikin nan yana cikin abin da ya ba Card kyautar Nobel a 2021. Dalilin mai sauƙin ganewa ne: inda masu neman aiki suka yi yawa, masu bayarwa kaɗan, mai bayarwa kan biya ƙasa da abin da zai iya, don ya san ba inda za a je. Idan aka raba 42,000 a kan awoyin aiki na wata, yinin awa 8 ya kama kusan sefa 1,900. Ranar da ɗan dako ya san wannan adadi, ya samu abin faɗa a bakin ciniki wanda jiya ba shi da shi.

Suna kuma tunatar da cewa dokar aiki ta wuce maganar albashi. A watan Nuwamba 2021 ramin zinariya ya rufta a yankin Ɗan Isa, cikin jihar Maradi ɗin nan, mutum 18 aƙalla suka mutu, mutanen da suka je neman abin kai wa gida. Magini ya faɗo daga kan bango, injin niƙa ya cinye wa yaro yatsu, ɗan ƙwadago ya sha feshin maganin ƙwari ba abin rufe hanci: idan ba doka, duk wannan sunansa ƙaddara, a yi jaje a watse. Doka ce ke cewa akwai mai alhaki. Ma'anar ma'aikaci a dokar 2012 ba ta ce sai mai ofis ba, ta ce duk wanda ya sa ƙarfinsa a ƙarƙashin umarnin wani don a biya shi. Saboda haka 'yar aikatau tana ciki, yaron shago yana ciki. Rashin aiwatarwa laifin hukuma ne da ƙarancin sufetoci, kuma maganinsa a ƙara su, a kawo su kusa. Nijar ce ƙasa ta farko a duniya da ta amince, a 2015, da sabuwar yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a kan aikin tilas. Ƙasar da ta yi wannan, in ji su, ba ta da bakin cewa doka ba ta dace da talakawanta ba.

Masu ja su ma suna da Afirka ta Kudu a aljihunsu. A 2003 an sa wa ma'aikatan gona albashi mafi ƙanƙanta a can, albashin ya tashi, amma bincike ya nuna guraben aikin gona sun ragu. Ke nan abin da ya yi aiki a gidajen masu hali na birni bai yi aiki iri ɗaya a gona ba, Mayahi kuwa gona ce. Ma'aunin da ake magana a kai yana tasiri ne inda masu albashi ke da yawa har kowa na da maƙwabcin da ke karɓa. A ƙauyen da mai albashi ɗaya ne ko biyu, ba wanda zai auna yinin noma da abin da aka rubuta a Yamai.

Daga nan sai su juya kan ƙungiyoyin kansu, kuma a nan maganarsu ta fi ɗaci. Ƙarfin sandika a Nijar yana wurin ma'aikatan gwamnati, malamai da ma'aikatan lafiya da na kuɗi, sai na ma'adinai da manyan kamfanoni. Yawancin waɗannan ma ba SMIG ke tsara albashinsu ba. Makaminsu yajin aiki ne, kuma idan aka yi shi, lakwal ɗin gwamnati ce ke rufewa, wadda ɗan manomi ke zuwa, ɗan mai hali yana makarantar kuɗi ana koya masa. Idan ma'aikatan lafiya suka ajiye aiki, matar da aka ɗauko a amalanke daga Cake ko Isawan ita ke tarar da ƙofa a rufe. Lokacin da gwamnati ta yi wa malaman kwantaragi jarrabawa a Yulin 2017, ƙungiyoyin malamai sun yi kira a ƙaurace mata, sakamakon kuma ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka kai matsakaicin maki. Uban da ɗansa ya shekara 6 a lakwal bai iya karanta wasiƙa ba yana da dalilin tambayar wa sandika take karewa. Ga rarrabuwa: USTN ita kaɗai ce a da, sai CNT ta fito a 1996, CDTN a 2001, har manyan ƙungiyoyin suka haura 10, sai a 2019 aka yi zaɓen tantance masu wakilci na gaskiya, CDTN ta zo ta farko, USTN na biye. A duk wannan lissafi ɗan ƙwadagon gona bai jefa ƙuri'a ba.

Suna ƙarawa da cewa mutanen yankin ba su zauna hannu rabbana suna jiran Yamai ba. Mahauta suna da sarkin pawa, maƙera da wanzamai suna da nasu sarakunan, tasha tana da shugabanninta da ke tsara layi da raba rigima, 'yan kabu-kabu suna tara kuɗi idan ɗayansu ya yi hatsari. Mata Masu Dubara, da aka fara a jihar Maradi a 1991 da taimakon ƙungiyar CARE, ta ɗauki tsohuwar al'adar adashi ta mayar da ita asusu mai ba da rance, har tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Tsakanin ubangida da yaronsa kuma akwai wata yarjejeniya da ba a rubuta ba: albashi kaɗan ne, amma akwai abinci, akwai kayan salla, akwai magani, wata rana a yi masa aure ko a yaye shi da jari. Idan aka ce komai sai takarda, ubangida zai biya abin da takarda ta ce ya janye sauran.

Wannan hujja ta ƙarshe ita ce ta fi jan hankali, kuma ita ce ta fi buƙatar a duba ta da kyau. Yarjejeniyar da ba a rubuta ba tana da kyau matuƙar ubangidan mutumin kirki ne. Idan ba haka ba, yaro zai shekara 7 yana bauta a sallame shi da tuhumar sata ana gab da yaye shi, kuma ba inda zai kai ƙara, domin sarkin sana'ar da zai je wurinsa abokin ubangidan ne. Sarakunan sana'a suna kare sana'a da masu ita, ba a kafa su don yaran masu ita ba. Yarinya 'yar shekara 11 da ke wanke-wanke a gidan wasu, uwarta ko wadda ta kawo ta ke karɓar kuɗin, ba ta cikin kowane adashi. Malamai suna yawan wa'azi a kan gaggauta biyan ɗan ƙwadago haƙƙinsa, kuma wa'azin yana tasiri, sai dai wanda bai ji wa'azi ba dole a samu wani abin da zai ji. A wannan gaɓa ina ganin masu goyon baya sun fi gaskiya.

A gaɓar albashin gona kuwa, masu ja ne hujja ta fi bi. Abin da ke yanke kuɗin yinin noma a Mayahi shi ne rumbu. Gonaki sun tsuke saboda yawan jama'a da rabon gado, magidanta da yawa geron da suka girbe ba ya kai su watan azumin baɗi balle damina, kuma lokacin da rumbu ke ƙarewa shi ne daidai lokacin da tiya ta fi tsada, shi ne kuma lokacin da gonarsu ta fi buƙatar hannunsu. Mutum ya bar tasa gonar ya nome ta wani don a ci yau, tasa ta yi ƙarancin amfani, baɗi rumbun ya ƙare da wuri fiye da bana. Wanda ya bar yara da yunwa a gida ba ya iya cewa a'a, ko da ya haddace adadin SMIG. A shekarun tsada irin 2005 da 2024, buhun gero mai kilo 100 ya kai ko ya haura jika 30 a kasuwanni da dama, wato albashin wata guda cur a ma'aunin 30,047. Duk abin da zai sa magidanci ya kai watan Agusta da hatsi a gida, bankin hatsi ne, ko sayar da abinci a farashi mai rahusa, ko ajiye amfani a karɓi rance maimakon a karyar da shi da kaka, ko asusun mata, yana ƙara masa ƙarfin ciniki fiye da sabon saƙo a cikin dokar aiki. Idan masu cewa a'a suka yi yawa, kuɗin yini zai tashi da kansa.

Yajin aikin talakan yankin nan, in an duba, ci-rani ne. Da an gama girbi samari su kama hanyar Kano da Katsina da Legas, ko Agadas da Arlit da wuraren zinariya, wasu har Libiya da Aljeriya. Tafiyarsu ce ke rage yawan hannaye a gida, kuɗin da suke aikowa ne ke hana iyayensu sayar da yininsu da arha. Shi ya sa rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da faɗuwar darajar naira da ta sa abin da ɗan ci-rani ya tara ya narke idan aka canza shi zuwa sefa, suka taɓa aljihun gidajen Tasawa fiye da duk wata muhawara a kan 30,047 ko 42,000. Najeriya ta kai nata albashi mafi ƙanƙanta naira 70,000 a Yulin 2024, amma mai turin ruwa daga Hawandawaki da ke Kano bai shiga lissafin ba, kamar yadda bai shiga na gida ba.

Akwai shekara ɗaya da ya kamata ɓangarorin biyu su tsaya a kanta. A farkon 2005 gwamnati ta ɗora harajin kashi 19 cikin 100 a kan kayan masarufi irin su madara da garin alkama da sukari, da ruwa da lantarki. Gamayyar ƙungiyoyin farar hula da ke yaƙi da tsadar rayuwa, wadda Nouhou Arzika ke jagoranta, tare da 'yan sandika, suka kira zanga-zanga da ranakun zaman gida, kasuwanni suka rufe a Yamai da Maradi da Damagaram, kuma a watan Afrilu gwamnati ta janye mafi yawan harajin. A wannan karon abin da aka yi faɗa a kansa ya shafi mai albashi da marar albashi baki ɗaya, shi ya sa ɗan tebur da ɗan dako suka shiga. Wannan ya nuna ƙungiyoyin ƙwadago suna iya yi wa talaka aiki, ya kuma nuna sharaɗin: sai sun ɗauki buƙatar da ta wuce ta mambobinsu. A Indiya, Ela Bhatt ta kafa ƙungiyar SEWA a 1972 don mata masu sana'ar hannu da 'yan talla waɗanda ba su da ubangida ɗaya da za a yi wa yaji, yau mambobinta sun haura miliyan. Manyan ƙungiyoyin Nijar sun fara karɓar 'yan kabu-kabu da masu ƙananan sana'o'i, amma har yanzu muryar mai alli da mai allura ce ake ji idan an zauna da gwamnati.

Sai dai duk wannan yana buƙatar fili. A watan Agusta 2025 hukumomi sun rusa wasu ƙungiyoyin ma'aikatan shari'a, ciki har da SAMAN ta alƙalai. Mai ja zai iya cewa wannan rigimar manya ce, ba ruwan ɗan ga-ruwa da ita. Ban yarda da haka ba. 'Yancin da ake iya karɓewa daga hannun alƙali da takarda ɗaya, ba a sa ran 'yan dakon tashar Tasawa za su same shi ranar da suka ce za su haɗa kai su tsayar da farashin sauke buhu.

Abin da ya rage a buɗe shi ne tsarin gaba da baya. Wasu za su ce a fara da ƙarfafa abin da ke rubuce: a kawo sufeto gundumomi ko da ranar kasuwa ce kawai, a sauƙaƙa rajistar CNSS yadda mai shago mai yaro biyu zai iya, a karanta adadin yini a gidajen rediyon gari da Hausa har ya zauna a kunnen kowa, sannan a ga ko ma'aunin zai yi aiki a nan kamar yadda ya yi a wasu ƙasashe. Wasu za su ce wannan duk ɗora kaya ne a kan jakin da bai ci ba, a fara da rumbu da rance da hanyar ci-rani, doka ta biyo baya idan masu albashi sun yi yawan da za su riƙe ta. Hujjar da ke hannu ta isa a ce mai gadi da mai shara da 'yar aikatau na cikin gari suna buƙatar dokar yanzu, kuma ƙarin 11,953 haƙƙinsu ne da ya daɗe da wuce lokaci. Ba ta isa a ce ƙarin zai gangaro har gonakin Atantane da Gidan Amumun ba. Wannan sai an je an tambayi masu hauya, damina biyu ko uku a jere, nawa aka ba su yini, kuma tiya nawa kuɗin ya saya a ranar.